Daga Kawo Zuwa Bakin Kogi: Jarin 'Yan Gida da Makomar Cikin Garin Kaduna

Kaduna na cikin ƙalilan ɗin manyan biranen Arewa da ba su tashi a kan ganuwa da fadar sarki ba, domin kuwa Turawan mulkin mallaka ne suka zaɓi wurin, suka auna shi, suka yanka titunansa, sannan suka dawo da hedikwatar Lardunan Arewa cikinsa daga Zungeru a shekarar 1917. Abin da ya ja hankalinsu shi ne ruwan kogin da garin ya ci sunansa, da kuma hanyar jirgin ƙasa wadda ta isa Kano a 1911. Saboda haka tun daga tushe arzikin garin ya rataya ne a kan albashi, wato na soja da na ma'aikacin gwamnati da na ma'aikacin jirgin ƙasa, daga baya kuma na ma'aikacin masaƙa, saɓanin Kano da Katsina waɗanda fatauci da sana'ar hannu suka raina tun ƙarnoni da dama. Duk mai son ganin abin da ya sami wannan gari bayan albashin ya ja baya, da kuma ƙoƙarin da masu jari na gida ke yi na farfaɗo da shi, ba shi da hanyar da ta fi ya bi dogon titin da ya ratsa ɓangaren arewa da kogi, tun daga Kawo har bakin gada.

Matafiyin da ya taso daga Kano ko Zariya da Kawo yake fara cin karo, unguwar da ta shahara da babbar tashar mota da kuma kasuwar da ke ci duk ranar Talata. Shekara da shekaru tsohuwar gadar saman Kawo ta kasance maƙogwaron da duk motocin Arewa ke cushewa a cikinsa, har aka rushe ta aka gina sabuwa mai faɗi da rassa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Janairun 2022. Gadar ɗaya ce daga cikin ayyukan shirin sabunta birane da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ƙaddamar a watan Yunin 2019, wanda kamfanin ƙasar Sin mai suna CCECC ya yi kwangilar manyan titunansa. Abin da ake nufi da sabunta birni shi ne a koma kan tsohon gari da ya riga ya cika da jama'a, a faɗaɗa hanyoyinsa, a gyara magudanan ruwansa, a sa fitilu, a sake gina kasuwanni da wuraren taruwa, da fatan cewa idan gwamnati ta zuba nata kuɗin a kan abin da kowa ke amfani da shi, masu hannu da shuni za su biyo baya da nasu jarin. A kan wannan fata aka gina komai, kuma da ita ya kamata a auna duk abin da ido zai gani a gaba.

Daga Kawo titin Ali Akilu ke ɗaukar mutum ya nausa kudu, ya bi ta gefen Unguwar Kanawa da Unguwar Shanu zuwa Unguwar Sarki, inda masallacin Sultan Bello yake, wanda marigayi Shehu Abubakar Mahmud Gumi ya daɗe yana gabatar da tafsiri a cikinsa. A kan wannan titi ne gidan adana kayan tarihi na ƙasa yake, a ginin da a da can ya kasance ofishin jam'iyyar NPC, kuma ba nisa daga nan akwai Gidan Arewa a kan titin Rabah, wato gidan da Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello ya zauna har aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, wanda yanzu cibiyar binciken tarihi ce a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Titin Ali Akilu ya ƙare ne a shataletalen da ke gaban Zauren Lugga, gini mai ƙubba inda majalisun Jihar Arewa suka riƙa zama, yanzu kuma majalisar dokokin jihar Kaduna ke amfani da shi. Waɗannan gine-gine shaida ce ta zamanin da kowane babban hukunci na Arewa daga nan yake fitowa, lokacin da sarakuna da ministoci da 'yan kwangila da masu neman aiki ke kwararowa, suna kwana a masaukan garin, suna cin abincinsa, suna sayayya a kantunansa. A wannan zamani ne ma aka gayyato masanin tsara birane ɗan Ingila, Max Lock, wanda ya fitar da taswirar ci gaban garin a 1967, yana hasashen yadda zai faɗaɗa har zuwa 2017.

Sai dai a shekarar da taswirar ta fito aka raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida, Kaduna ta koma hedikwatar ɗaya daga cikinsu, kuma a 1987 aka cire Katsina daga jikin wannan jiha. Da aka mayar da babban birnin tarayya Abuja a watan Disambar 1991, sai manyan ma'aikata da 'yan siyasa da attajirai suka sami sabuwar alƙibla mai nisan tafiyar 'yan awanni, suka kwashe harkokinsu suka bar gidajen hutun ƙarshen mako. Masaƙun Kakuri da ke tsallaken kogi, waɗanda suka fara da kamfanin KTL a 1957, suka riƙa durƙushewa saboda ƙarancin wutar lantarki da tsufan injuna da kwararowar atamfar waje mai araha, har KTL ya rufe a 2002, masaƙar UNTL kuma ta tsaya a 2007. Ko da yake masaƙun a kudu suke, albashin dubban ma'aikatansu a kasuwannin arewa da kogi yake ƙarewa, don haka da injunan suka yi shiru, mai kanti da tela da mai gidan haya duk sun ji a jikinsu. A kan wannan rauni rikicin shari'a na shekarar 2000 da na gasar sarauniyar kyau na 2002 da na bayan zaɓen 2011 suka faɗo, suka raba mazauna garin, akasarin Musulmi suka tattara a arewa, akasarin Kirista suka koma kudu, cikin gari ya zama wurin da ake zuwa da rana a watse kafin duhu.

Dab da Zauren Lugga dandalin Murtala yake, tsohon filin sukuwa inda aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, aka kuma yi gagarumin hawan bikin al'adun baƙar fata na 1977. An sake fasalin dandalin a ƙarƙashin shirin sabuntawa, aka sa masa filayen wasanni da wuraren motsa jiki da na cin abinci, ya zama ɗaya daga cikin wuraren da iyalai daga ɓangarorin garin biyu ke haɗuwa da yamma, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga garin da ya sha irin wannan rabuwa. Daga nan mutum na iya gangarawa titin Waff, wanda sunansa ya samo asali daga rundunar sojan Afirka ta Yamma ta zamanin Turawa, yanzu kuma ake kira titin Muhammadu Buhari. A nan tsohon zamani da sabo suke kallon juna: ga otal ɗin Hamdala, masaukin manyan baƙin Jihar Arewa, wanda ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, ga filin da otal ɗin Durbar ya tsaya tun 1977 har aka rushe shi a farkon 2020, abin da ya jawo shari'a tsakanin gwamnatin jihar da iyalan marigayi Janar Sani Abacha, ga kuma katafaren rukunin kantuna na Galaxy, wanda aka gina ta hanyar haɗin gwiwa tsakanin kamfanin bunƙasa kasuwanni na jihar da 'yan kasuwa masu zaman kansu. Ma'anar irin wannan haɗin gwiwa ita ce gwamnati ta kawo fili da izini, mai jari ya kawo kuɗi da magina, sannan su raba shaguna ko kuɗin haya bisa yarjejeniyar da suka sa wa hannu.

Dalilin da ya sa gwamnati ke tsakiyar kowace irin wannan harka shi ne dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, ta yadda abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne na wasu shekaru, galibi 99, wanda ake iya soke shi saboda buƙatar jama'a. Mai jari ba ya zuba miliyoyi a kan filin da takardarsa ke da shakku, banki kuma ba ya karɓar irin wannan takarda a matsayin jingina, shi ya sa hukumar KADGIS, wadda aka kafa don mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta da sabunta takardun mallaka, ta zama ginshiƙin shirin duka, tare da hukumar jawo masu zuba jari ta KADIPA da taron shekara-shekara na KADINVEST da aka fara a 2016. Haka nan sayar da ɗimbin gidajen gwamnati da aka yi ya saki manyan filaye a tsofaffin unguwannin ma'aikata, inda gidan bature guda mai faɗin fili da itatuwan mangwaro ya koma rukunin gidaje ko makaranta ko asibitin kuɗi ko filaza, wato bene mai jerin shagunan haya. Tun kafin wannan ma attajiran Arewa sun riga sun fara sa kuɗinsu a irin waɗannan gine-gine, kamar rukunin kantunan ASD na Alhaji Sani Dauda a kan titin Independence, da filazar Mangal da ke tsakiyar gari, kuma yanzu da wuya a yi tafiyar minti biyar a Unguwar Rimi ko Malali ba a ga ana zuba kankare ba.

Titin Ahmadu Bello shi ne ƙashin bayan cikin gari, kuma a kansa ne ake ganin cewa jarin 'yan gida ba baƙon abu ba ne a Kaduna. Dogon benen Ahmed Talib mazaunin kamfanin NNDC ne, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta reno don ya zuba dukiyar jama'a, musamman ribar gyaɗa da auduga, a masana'antu da otal-otal da gidaje, kuma har yau jihohin Arewa 19 ne suka mallake shi. Ba nisa da shi akwai harabar jaridar New Nigerian, wadda ta fara fitowa ranar 1 ga Janairun 1966, ta yi zamanin da gwamnatoci ke sauraren sharhinta da kunnen basira, kafin ta durƙushe. Bambancin wancan jari da na yau a fili yake: na farko ya gina wuraren da ake ƙera kaya ana biyan albashi, na yanzu kuwa mafi yawansa yana gina wuraren da ake sayar da kayan da aka ƙera a wata ƙasa. Ba laifi ba ne attajiri ya zaɓi bene, domin a ƙasar da darajar kuɗi ke zubewa kuma wuta ba ta tsayawa, gini ya fi masana'anta kwanciyar hankali, amma shago ba ya haifar da mai saye, sai dai ya jira shi.

Bayan an wuce shataletalen Leventis, inda aka haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa don motocin titin Yakubu Gowon su wuce ba tare da tsayawa ba, sai a faɗa cikin hayaniyar da mutanen gari ke kira kasuwa kawai, wato babbar kasuwar Shehu Abubakar Gumi da layukan da ke kewaye da ita. Sunayen layukan kansu tarihi ne, domin akwai na Legas da Ibadan da Abekuta da Kano da Katsina da Jos, alamar garin da kowace ƙabila ta Najeriya ta sa hannu wajen gina shi, kuma har yau Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe da mutumin kudancin Kaduna suna buɗe shago ƙofa da ƙofa a nan, ko da kuwa da yamma kowa zai nufi nasa ɓangaren. A bakin matakalar kusan kowace filaza akwai saurayi mai gyaran waya, da ɗan teburinsa na katako da lema da fitila da ƙarfen narka dalma, yana buɗe cikin waya da ɗan tsinke, mai ita na tsaye a kansa, yaronsa kuma na sheƙawa cikin bene ya sayo gilashi ko batir daga wurin mai sayar da kayan gyara. Wannan saurayi ba ya cikin lissafin masu zuba jari, alhali shi ne ke jawo wa mai shagon ciki ciniki, mai shagon kuma da wannan ciniki yake biyan hayar da mai bene ke mayar da kuɗinsa da ita. Idan aka kore shi da sunan tsabtace titi ba tare da an tanadar masa gurbi mai araha ba, asarar takan hau bene hawa-hawa har ta isa ga wanda ya gina shi.

Babu inda wannan al'amari ya fito fili kamar Kasuwar Barci da ke Tudun Wada, yamma da cikin gari. Kasuwar ta samo asali ne a farkon shekarun 1970, zamanin gwamnan soja Abba Kyari, lokacin da aka kwashe 'yan babbar kasuwa zuwa can don a sake gina musu tasu, daga baya kuma ta bunƙasa ta zama cibiyar gwanjo da yadi da ɗinki, inda dubban teloli da masu aikin surfani ke ɗinka wa Kaduna da maƙwabtanta kayan salla da na biki. A watan Maris na 2020 aka rushe ta don a gina ta zamani, 'yan kasuwar suka watse cikin lunguna da zaurukan Tudun Wada a daidai lokacin da annobar korona ta sa aka rufe gari. Hujjar gwamnati ita ce tsohuwar kasuwar ta cushe, ba hanyar motar kashe gobara, ba magudanar ruwa, kuma an yi tanadin biyan kuɗin sababbin shaguna kaɗan-kaɗan ta hannun banki. Kukan 'yan kasuwar kuwa shi ne da guminsu suka gina shagunan da aka rushe, ba a biya su diyya ba, farashin sababbin kuma ya fi ƙarfin mai keken ɗinki guda, suka garzaya kotu, babbar kotun jihar ta ba su gaskiya a 2022. Sabon ginin ya fi tsohon tsari da tsabta, wannan ba abin musu ba ne, sai dai mai sayen gwanjo bai saba hawa bene ba, kuma telan da ya yi shekara biyu yana ɗinki a zauren wani ya riga ya ja abokan cinikinsa zuwa can. Mai jarin da ya gina shagon yana buƙatar tsohon ɗan kasuwar kamar yadda shi ma yake buƙatar shagon, domin sunan kasuwa da amanar masu saye a jikin mutane suke, ba a jikin bulo ba.

Kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna akwai tsohuwar kasuwar Panteka, wadda ke nuna wata fuska ta jarin gida da ba a cika yi wa kirari ba. A nan maƙera da masu walda da kafintoci ke mayar da tarkacen ƙarfe kayan amfani, tun daga ƙofofi da tagogi har injin niƙa da na ɓare gyaɗa. Mai zubin tukunya yakan danna tsohuwar tukunya cikin damshin yashi a akwatin katako, ya zare ta a hankali ya bar siffarta, sannan ya kwararo narkakken goran ruwa ta ɗan rami, bayan ɗan lokaci ya fasa yashin ya fito da sabuwar tukunya tana tururi, yaransa su hau ta da zarto suna goge bakinta. Kowane maigida a nan makaranta ne mai zaman kansa, yana yaye matasa ba tare da ya karɓi sisin gwamnati ba. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke Kaduna, ta fara aikin ba irin waɗannan masu sana'a takardar shaidar ƙwarewa, gwamnatin Sanata Uba Sani da ta hau a 2023 kuma ta ɗauki gyaran kasuwar a matsayin cibiyar koyon sana'a. Idan aka dore a kan gyara wuri alhali masu shi suna ciki, za a sami darasin da sauran kasuwannin jihar ke buƙata.

Akwai kuma batun kuɗin da aka yi aikin da su da ƙarfin aljihun waɗanda aka yi dominsu. Bankin Duniya ya amince wa jihar da rancen dala miliyan 350 a 2017, majalisar dattawa ta ƙi sa hannu a 2018 kafin daga baya a amince, kuma a watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya bayyana cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. Tun da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki darajar naira a tsakiyar 2023, nauyin bashin dala ya ninka, farashin siminti da rodi ya yi tashin gwauron zabo, kuɗin cefanen iyali kuma ya cinye abin da a da ake kaiwa kanti. Rufe kantin Shoprite na rukunin Ado Bayero da ke Kano a farkon 2024 gargaɗi ne ga duk mai ginin da ya dogara da masu saye 'yan ƙalilan. Tsaro ma na cikin lissafi, domin jirgin ƙasan Abuja da aka buɗe a 2016, wanda ke sauke fasinja a Rigasa, ya sa mutane da yawa sun iya aiki a Abuja suna zaune a Kaduna, amma harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris 2022 ya tsayar da shi wata takwas, otal-otal da dillalan gidaje suka ɗanɗana kuɗarsu.

Titin Ahmadu Bello yana ƙarewa ne wajen filin wasa mai sunan Sardauna, daga nan hanya ta gangara zuwa gadar da ke kai mutum tashar jirgin ƙasa da Kakuri da Barnawa, kuma sabuwar gadar da ta haɗa Kabala Costain da titin Aliyu Makama ta ƙara wa ɓangarorin biyu mahaɗa. Wanda ya yi wannan tafiya da idon basira ba zai musanta cewa cikin garin Kaduna ya sake kama ba, kuma attajiran da suka zaɓi su sa dukiyarsu a gida, alhali Abuja da Dubai na kiransu, sun cancanci yabo da kariyar doka. Abin da ya rage shi ne a gane cewa masu jari a wannan gari hawa biyu ne, akwai mai gina bene, akwai kuma mai teburi da keken ɗinki da zuga-zugi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yarjejeniyar da za ta ɗore ita ce wadda aka rubuta sunayen tsofaffin masu shaguna kafin a kawo motar rusau, aka tanadi wurin zaman wucin gadi, aka ware ƙananan rumfuna a ƙasa masu hayar wata-wata, aka kuma bayyana wa jama'a abin da gwamnati ta bayar da abin da ta karɓa. Haka kuma wajibi ne wani kaso na wannan jari ya koma ga wuta da ƙira da sarrafa amfanin gona, domin daga can ne albashin da zai cika shagunan zai fito.